Yunwa ma agogo gare ta, ga yadda ake saita shi

Salam jama'a. Duk wanda ya taɓa kiwon ragon layya a gida ya san abun da zan faɗa. In ka saba kai masa dusa da la'asar, toh ranar da ka makara tun kafin ladan ya kira salla zai fara kuka yana fizgar igiya yana kallon ƙofar da kake fitowa, alhali ga harawar wake nan a gabansa ko rabi bai ci ba. Ba wanda ya ɗaura masa agogo a ƙafa, cikinsa ne kawai ya haddace lokacin. Toh wallahi namu cikin ma haka yake, bambancin dai mu ba ma tsayawa a tsakar gida mu yi ta kuka, sai dai mutum ya haɗe rai ya sauke haushin a kan yara ko a kan ɗan acaɓa.

Ni malamin makaranta ne a nan cikin Gombe, bayoloji nake koyarwa, kuma abun kunya shekaru na kwashe ina yin abun da na san sarai ba daidai ba ne. Ƙarfe 7 na bar gida ba abun da na sa a baki sai shayi kofi ɗaya mai suga cokali 3, in an tashi makaranta in wuce lesin, abincin rana ya koma ƙarfe 4 ko ma a yafe shi, sai dare ya yi in dawo daga majalisa wajen 9 da rabi in buɗe kula in afka wa tuwon masara da miyar kuka kaman wanda ya kwana 3 a daji, kuma wai 11 na yi sai in ji ƙafa tana ja na wajen mai shayin bakin layinmu, indomi 2 da ƙwai. Da safe in tashi ciki a cushe, ko ƙamshin ƙosai ba na so, ina ta cewa ai ni haka Allah ya yi ni ba na iya cin abinci da safe. Tumbi kuwa yana ta yin gaba, har ranar da na je gaida Goggona a Kumo ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Kai ɗan nan, wata nawa ne?" Aka yi ta dariya, ni kam maganar ta zauna min.

Kafin in faɗi yadda na yi, bari mu san masu wannan aikin a cikin jiki, don in ka san su ba za su riƙa yi maka wayo ba.

Akwai wasu sinadarai da jiki ke zubawa cikin jini su kai saƙo daga wannan sashe zuwa wancan, su ake kira homon, ni a aji 'yan aike nake ce musu. Ɗan aiken yunwa sunansa girelin, ciki ne ke fitar da mafi yawansa, kuma ba a daɗe da sanin sa ba, sai a 1999 wasu masu bincike a Japan, Kojima da Kangawa da abokan aikinsu suka gano shi. Aikinsa ya hau cikin jini ya je ƙwaƙwalwa ya ce a kawo abinci, in an ci ya sauka. Abun da ya kamata ka riƙe a kansa shi ne, girelin ba ya jiran ciki ya zama wayam kafin ya tashi, lokacin da ka saba masa yake bi, irin ragon nan dai. An taɓa sa mutane su yi awa 24 ba ci ana ɗibar jininsu ana aunawa, sai aka ga girelin ya hau a daidai lokutan da suka saba cin abinci, bayan kaman awa 2 kuma ya sauka da kansa ba tare da sun sa komai a baki ba. Mu da muke azumi ai ba sai an kai mu ɗakin gwaji ba. Ranar farko da ta biyu ƙarfe 2 na rana kaman a ɗauke ka a kwantar, zuwa goman farko ta ƙare sai ka ga lokacin ya wuce ba ka ma lura ba, bayan Salla kuma sai ka riƙa farkawa ƙarfe 4 na asuba ciki yana ƙugi yana neman sahur ɗin da ba wanda ya dafa.

Na biyu leftin, shi kuma kitsen jiki ne ke fitar da shi, Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller a Amurka ya gano shi a 1994. Shi mai lissafin rumbu ne, yana gaya wa ƙwaƙwalwa yawan ajiyar da ke jiki. In mutum ya matse kansa da yunwa don rage ƙiba, leftin sai ya faɗi, girelin ya ƙaru, ƙwaƙwalwa ta ɗauka fari aka shiga, shi ya sa masu cewa daga yau sau ɗaya zan riƙa ci yawanci ba sa kai wata. Sai kuma wasu da hanji ke fitarwa in abinci ya iso shi, irin su GLP-1 da PYY da CCK, su ne masu cewa ya isa haka a wanke hannu. Allurar nan Ozempic ta masu ciwon suga, wadda wasu ke yi don rage ƙiba, da ake ta magana a kanta a intanet, aikin GLP-1 ɗin take kwaikwayo. Insulin kuma kowa ya san shi sabida ciwon suga, shi ke shigar da sugan jini cikin tsoka da sauran sassa, kuma jiki ya fi jin maganarsa da safe fiye da dare, ma'ana malmalar tuwo ɗaya da ka ci da hantsi da wadda ka ci ƙarfe 10 na dare ba iri ɗaya suke ɗaga sugan jini ba, ta dare ta fi.

Duk waɗannan suna bin wani babban agogo da ke cikin ƙwaƙwalwa wanda hasken rana ke saita shi, binciken irin wannan agogon ne ma ya sa aka ba wasu Amurkawa 3 kyautar Nobel a 2017. Wani gwaji da aka yi a Boston a 2013 ya nuna ko an cire maganar yaushe mutum ya ci yaushe ya yi barci, yunwa da kanta tana kaiwa ƙololuwa wajen ƙarfe 8 na dare, ta fi yin ƙasa wajen 8 na safe. Ka ga ke nan dama can dare lokacin kwaɗayi ne, in kuma ka wuni ba ka ci ba ka zo ka haɗu da shi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

Toh yanzu ga aikin.

Kwana 3 na farko kar ka canza komai. Ka samu takarda ko ka buɗe wajen rubutu a wayarka, duk abun da ya shiga bakinka ka rubuta lokacinsa, har rake da gyaɗar da ka ɗiba a tiren yarinya a bakin shago, ka kuma rubuta lokutan da yunwa ta fi cizonka da lokacin da ka kwanta. Ni da na yi na ga kusan duk abincina na yini tsakanin ƙarfe 4 na yamma da 11 na dare yake, ban taɓa lura ba sai da na gan shi a rubuce.

Bayan nan sai ka tsayar da lokuta, kuma mu Allah ya hutar da mu, muna da agogon da ba ya bukatar caji ko wutar NEPA, wato lokutan salla. Karin kumallo da hantsi, tsakanin 7 da 9. Abincin rana da an sallame azahar. Abincin dare bayan magariba, kafin isha'i in son samu ne. In ka duba da kyau ba wani sabon abu na kawo ba, haka iyayenmu suke yi a ƙauye har gobe, ɗumame da koko kafin a tafi gona, fura da nono da rana, tuwo da an fito daga masallaci magariba, ana yin isha'i an ɗan taɓa hira kowa ya nemi tabarmarsa. Mu ne muka shigo birni, janareto da waya da gidan kallon ƙwallo suka tura mana komai can tsakar dare.

Kuskuren da yawancin mutane ke yi, ni ma na yi shi, shi ne su fara da tilasta wa kansu karin kumallo. Ba zai shiga ba ɗan'uwa, tuwon jiya da indomi suna nan ba su gama sallama ba. Daga dare ake farawa. In ƙarfe 10 ka saba ci, ka dawo da shi 9 da rabi na kwana 3 ko 4, sannan 9, a haka a haka har ka iso tsakanin magariba da isha'i. In ka yi tsalle ɗaya daga 10 zuwa 7, girelin zai zo a lokacinsa na da ya same ka ido biyu, ka ƙare ka ci abincin dare sau 2. Da abincin dare ya matso, da kanka za ka ji safiya ta fara neman abinci, ba sai an roƙe ka ba.

Nan fa sai an yi shawara da mai girki, don wannan ba hukuncin da maigida zai yanke shi kaɗai a majalisa ba ne. Da na gaya wa uwargida ina so in riƙa cin tuwo da magariba, cewa ta yi, "Malam, ai tuwon tun 6 yake sauka, kai ne dai ba ka nan." Gaskiya ta faɗa, yara sun ci sun yi barci, nawa ne ke zaman jira a kula. A gidaje da yawa haka abun yake, amma akwai inda matar ma aiki take zuwa ko kasuwa ko islamiyya, ba ta dawowa sai 6, toh nan sai a yi dabara, a yi miya mai yawa tun ƙarshen mako, ko a mayar da babban girki na rana, da dare a ci abu mara nauyi kaman fate ko kwaɗon zogale ko ragowar na rana kaɗan.

In kana son ka ji dalilin da ya sa na matsa a kan dare, a 2022 wani asibiti a Boston ya kwantar da mutum 16 masu ƙiba, aka ba su abinci iri ɗaya yawa ɗaya, barcinsu ma lokaci ɗaya, sau ɗaya suka ci da wuri, sau ɗaya kuma aka jinkirta kowane abinci da awa 4. Lokacin jinkirin sun fi jin yunwa, leftin ɗinsu ya ragu, ƙarfin da jikinsu ke kashewa da rana ma ya ɗan ragu. Abinci ɗaya fa, lokaci kawai aka taɓa. Ga kuma ƙwannafi, duk mai fama da shi likitoci na cewa ya bar awa 2 zuwa 3 tsakanin cin abinci da kwanciya, wanda ya ci tuwo ƙarfe 10 kuma yaushe zai samu wannan?

Amma kar wani ya ɗauka cin abinci da wuri wani laƙani ne da zai narkar da tumbi ko da mutum na cin malmala 4. A shekarar 2022 ɗin dai, a Jami'ar Abadin ta Sikotland an gwada mutum 30, wata ɗaya suna cin mafi yawan abincinsu da safe, wata ɗaya kuma da dare, yawan abincin a aune. Nauyin da suka rage kusan ɗaya ne, kilo 3 da ɗan wani abu kowane wata. Bambancin da aka samu shi ne watan da suka ci da yawa da safe ba su sha wahalar yunwa ba. Ni a ganina nan amfanin yake, don a gida ba wanda zai auna maka abinci, yunwarka ce ke riƙe da ludayi, in ta lafa hannu ma zai lafa.

Sai maganar me za a karya da shi, don lokaci kaɗai ba ya isa in abun da aka ci ba ya riƙe ciki. Shayi mai suga da farin burodi, ko fanke, ko masa da aka barbaɗa wa suga, suna ɗaga sugan jini da sauri ya kuma faɗo da sauri, ƙarfe 10 zuwa 11 sai ka ji hannu na rawa kana neman abun taunawa. An bi mutum sama da 1,000 a wani bincike da ya fito a 2021, aka ga waɗanda sugan jininsu ke faɗowa sosai awa 2 zuwa 3 bayan cin abinci sun fi saurin jin yunwa kuma sun fi ci a wannan yinin. Abinci mai gina jiki shi ya fi kwantar da girelin ya kuma tada 'yan aiken ƙoshi na hanji, kuma mu a Gombe in muka yi kukan rashinsa mun so ne, wake har daga kudu ake zuwa saye a kasuwanninmu. Ƙosai da koko mara suga da yawa, alale, wake da ɗan manja da albasa, awara, dafaffen ƙwai 2, kunun gyaɗa, kindirmo, ɗumame in miyar na da ɗan kifi ko daddawa sosai. Masa kam ban ce a bari ba, 'yan'uwanmu na Bauchi ba za su yafe min ba, amma a ci ta da miyar taushe ko ƙuli maimakon suga. Mai shayi ma ka ce ya soya maka ƙwai ya rage suga, cokali ɗaya ya isa, sati 2 harshe zai saba.

Wanda kuma ya gyara darensa amma har yanzu ƙarfe 7 abinci ba ya shiga, ba dole. Ya ƙunsa ya tafi da shi ya ci ƙarfe 9 ko 10, muhimmin abu dai lokacin ya zama ɗaya kullum.

Abincin rana shi ne wanda 'yan kasuwa da teloli da ma'aikata suka fi wulaƙantawa, kwastoma na tsaye, sai an jima, sai an jima, har la'asar. A Sifaniya an bi mutum 420 masu neman rage ƙiba tsawon sati 20, waɗanda ke cin abincin rana bayan ƙarfe 3 ba su rage kaman masu ci kafin 3 ba duk da yawan abincin nasu ya yi kusa. Tunda dai za ka rufe shago ko ka bar wa yaro ka je azahar, ƙara minti 15 ka ci shinkafa da wake ko ɗanwake ko dambu kafin ka koma. Shi ya kamata ya zama babban abincin yini ko ya yi kunnen doki da na safe.

Tsakanin la'asar da magariba in ka ji ciki ya fara magana, ɗan abu kaɗan ya fi ka daure ka isa gida a haukace. Gyaɗa cikin tafin hannu, yalo, goba, aya, kindirmo rabin kofi. Lemon kwalba da biskit kuwa ƙara buɗe ciki suke yi. Lokacin zafin Maris da Afrilu kuma ka fara shan ruwa tukuna ka ɗan jira, sau da yawa ƙishi ne da gajiya suka haɗu mutum ya ɗauka yunwa ce.

Yanzu ga inda ake faɗuwa. Ka ci tuwonka ƙarfe 7, ka yi isha'i, komai lafiya, ƙarfe 10 da rabi ko 11 sai ga ta nan ta zo, yunwa sosai har da ƙugin ciki, kuma za ka rantse tuwon nan bai je ko'ina ba. Ragon ne ke kuka a lokacin dusarsa. In ka tuna abun da na faɗa a sama, wannan yunwar tashi take yi ta kuma kwanta da kanta, ba ƙaruwa za ta yi ta yi har asuba ba. Ka sha ruwa ko shayi ba suga ba madara, ka goge baki, ka bar wajen da ake soya abu, don ƙamshin albasa a kaskon mai shayi kaɗai ya isa ya rusa niyyar sati guda. Ni kam sai da na canza hanyar dawowa gida na riƙa zagayawa ta bayan layi. Daren farko zuwa na huɗu na sha wuya ba zan ɓoye ba, wajen kwana 10 sai na ga 11 tana wucewa ban tuna ba. In ka ga ba za ka iya barci ba sam, ci ɗan abu ƙarami, ƙwai ɗaya ko kindirmo, a zaune a cikin ɗan kwano, kar ka tsaya a gaban tukunya.

Mafi sauƙin maganinta dai shi ne ta zo ta tarar ka yi barci. Rashin barci kansa yunwa yake haifarwa, a 2004 a Jami'ar Shikago an sa samari 12 sun yi dare 2 suna kwanciyar awa 4 kawai, wani lokacin kuma dare 2 na awa 10, a gajeren barcin leftin ya ragu da kashi 18 cikin 100, girelin ya ƙaru da kashi 28, kuma abun da ransu ya fi so shi ne kayan zaƙi da na gishiri da masu sitaci. Mu da za mu tashi asuba wajen ƙarfe 5, in ka kwanta 12 kana latsa waya lissafa da kanka awa nawa ka samu. Daren da ake buga ƙwallon Turai ƙarfe 8 ko 9 a tashi wajen 11, ci abincinka kafin ka fita, in ƙungiyarka ta ci ko an ci ta ka wuce mai tsire ka yi masa sallama daga nesa.

Wani abu kuma, saurin ci. 'Yan aiken hanji ba sa isa ƙwaƙwalwa nan take, suna ɗaukar wajen minti 20, mu kuwa da muka tashi ana ci a tire ɗaya da 'yan'uwa 5 mun koyi cewa mai jinkiri shi ke kwana da yunwa, har mun girma hannun bai daina tsere ba. Zuba a faranti maimakon ci daga kula, fara da miya da ganye da ɗan naman da ke ciki, in ka cinye ka ɗan dakata kafin ƙari. Koyarwar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta raba ciki uku, abinci da ruwa da numfashi, duk mun haddace ta tun muna yara, aiki da ita ne ke wuya in mutum ya zo wa abinci a yunwace.

Da azumi lissafin na canzawa amma dokar ɗaya ce. Jinkirta sahur sunna ne kuma shi ya fi dacewa da jiki, a sa wake ko ƙwai ko kindirmo a ciki, wanda ya ci taliya da lemo ƙarfe 1 na dare ya kwanta ya ce ya yi sahur shi zai gaya maka yadda azahar take. Buɗa-baki dabino da ruwa da ɗan kunu, a je a yi magariba, wannan 'yar tazarar tana ba 'yan aiken ƙoshi damar fara aiki kafin a zauna wa babban abinci. Abun da ke sa wasu su fito daga Ramadan sun fi da ƙiba shi ne zama uku, ɗaya da magariba, ɗaya bayan tarawihi, ɗaya kafin tahajjud, ga sahur na jira. Bayan Salla kuma a dawo da lokuta a hankali cikin sati guda.

Akwai waɗanda wannan tsarin sai da gyara. Mai ciwon suga da ke allurar insulin ko shan ƙwayoyin da ke sauke suga, kar ya matsar da lokacin abinci ko ya tsallake shi sai ya yi magana da likitansa, kuma in ya ji rawar jiki da gumi da jiri wannan ba yunwar da ake daurewa ba ce, ya sha abu mai zaƙi nan take. Mai ciki da mai shayarwa da yara masu tasowa su ci in sun ji yunwa, ba da su nake ba a maganar daure ta dare. Masu cewa suna da olsa, a sani yawancinta wata ƙwayar cuta ce ke kawo ta ko yawan shan magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da asfirin, yunwa tana iya tada zafin amma cin abinci sau 6 ba ya kashe ƙwayar, a je asibiti a yi gwaji. Masu aikin dare kuma, nas-nas da masu gadi da direbobin da ke kwana a hanyar Kano ko Abuja, Hammana, wato yayana, direba ne na san yadda abun yake, gara a ci babban abinci kafin a fara aiki, cikin dare a tsaya a kan abu mara nauyi da ruwa, da safe a ɗan ci kaɗan kafin a kwanta don kar yunwa ta katse barcin.

Na kuma san halin da ake ciki, wani zai karanta wannan ya ce Malam kai kana maganar yaushe za a ci, mu muna maganar me za a ci. Gaskiya ne, ɗalibai ma har suna suka sa wa abun, ziro-wan-ziro, wato ba na safe ba na dare sai na rana kaɗai. In sau 2 gida ke iya ɗora tukunya, shawarata a sa ɗaya da hantsi wajen 9 ko 10, ɗaya kuma gab da magariba ko bayanta kaɗan, a tsaya a kan lokutan kullum, ciki zai saba ya daina tashin mutum a tsakani, ya fi a ce yau an ci ƙarfe 12 gobe sai 5. A kuma fifita wake a kan taliya in kuɗin ɗaya ne, ya fi daɗewa a ciki nesa ba kusa ba.

Ranar biki ko suna ko tafiya tsarin zai watse, dole ne, za a kawo maka shinkafa ƙarfe 10 na dare a gidan surukai kuma ba ka isa ka ce ka ƙoshi ba. Ka ci daidai misali. Washegari kar ka ce za ka rama da ƙin karyawa, nan ne ake komawa gidan jiya, ka karya a lokacinka ko da rabin abun da ka saba ne, azahar ta same ka da kwanonka, tuwon dare kuma ka ce a zuba maka tare da na yara.